Abin da Cajar Motar Nan Ta Ci

Nguru.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Gashuwa lafiya, Ya sauke ka cikin mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na abokin banza, Ya buɗe maka kai. Amin.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a jakarka alhali tsakanin ɗakina da naka taku kaɗan ne. Kai ne ɗan fari, ga shi sunan mahaifina kake ɗauke da shi, saboda haka tun kana rarrafe aka koya mini kawar da kai idan ka shigo. Bakin nan nawa da ya gagari tasha, in ya zo gabanka mutuwa yake yi. To ga hannu, shi ba ya jin kunya. Ka yi haƙuri da rubutun. A aji huɗu na bar makaranta, sauran karatun a jikin takardar ƙunshin ƙosai da allunan bakin hanya na ƙarasa shi.

Ummanka ta gaya mini abin da ka ce. Ka ce Baffanka Alhaji ya yi alkawarin biya maka kuɗin jami'a har ka gama, sharaɗinsa ɗaya tak: in mayar da wayar wutar da na yanke daga baturan motata zuwa ɗakunan gidan nan. Ni kuma na ƙi. Ka ce wane irin uba ne zai zaɓi mota a kan ɗansa. Zan so in ce ban ji haushi ba, amma na ji, har tuwon dare na kasa ci. Sai dai tambaya ce mai haƙƙin a amsa ta. Waya kam ba zan mayar ba. Ka karanta ka ji dalili, in ka gama ka yanke mini hukuncin da ka ga dama.

Ka tuna lokacin da mai ya tashi. In fita da asuba, in yi Gashuwa in dawo, in sake komawa, da yamma in juye aljihuna kaf a gidan mai, in shigo wa Ummanka da kuɗin da bai isa cefanen miya ba. Tsohuwar motata ta zama ita ce maigida, ni ne yaronta. A waya na fara ganin motocin da ba sa shan mai, suna yawo a manyan garuruwa ba ƙara ba hayaƙi. Na karanta duk abin da na samu a kansu har idona ya yi ja. Na sayar da tsohuwar, na haɗa da bijimin da nake kiwo a rugar wani abokina, na nufi Kano.

Dillalin da ya nuna mini motar baki gare shi kamar zuma. Na tambaye shi yadda ake cajinta, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kamar wayarka ce. Ka soka a bango, ka je ka kwanta abinka." Na yi dariya, na biya. A bangon wa? Da wace wutar? Mutumin bai taɓa kwana a Nguru ba, ni kuwa a nan aka yanke mini cibiya. Na san wutar gwamnati tana zuwa mana kamar baƙon da ya ɓata hanya, in ma ta zo ƙwan fitila ja yake yi kamar gaushi. Na san duk wannan, ban tambaya ba, don ina tsoron amsar ta hana ni abin da raina ya riga ya so.

Ka riƙe wannan, Abba. Mai sayarwa kuɗin abu yake gaya maka, ba ya gaya maka kuɗin cinsa. Kafin ka ce nawa ne, ka ce me yake ci, a ina ake samun abincin nasa, wa zai gyara in ya lalace. Kuma tambayar da ka ji kana gudun yi, ita ce ta farko da za ka yi.

Ranar da wuta ta fara leƙo mu na ja doguwar waya daga zaure na soka. Wayoyin gidan nan tun zamanin kakanka suke, sirara kamar zaren ɗinki. Ba a jima ba sai warin ƙonanniyar taya, soket ya narke yana ɗiga. Hajiya, matar Baffanka, ta fito da gudu tana salati. Yaya Alhaji ya tsaya a kaina da carbi a hannu.

"Sale, gidan ubanmu za ka ƙona mana saboda kayan wasan yara?"

Na ce, "Kayan wasan yaran nan sun fi shagonka tsada, Yaya."

Ka ji bakin ubanka. Ko a ranar da nake da laifi ban iya yin shiru ba.

Aka ce mini akwai wani Bukar a Gashuwa, Bamange ne ta wajen ƙabila, aikin sola yake yi, hannunsa na da kyau. Na je masa da ilimina na waya, ina hura hanci. Na ce akwatin caja nake so a bango da farantan sola a kan rufi, shi ke nan, kada ya kawo mini dogon turanci, na riga na karanta komai. Ya bar ni na gama. Sa'annan ya yi mini sannu da yarensu ya ce, "Wushe, Malam Sale. Da rana ina motar take?"

Na ce, "A kan hanya mana, ko kana tsammani kwalliya na saye ta?"

"To da dare ina ranar take?"

Ya ce rana tana fitowa lokacin da mota ta tafi, mota tana dawowa lokacin da rana ta faɗi, sai an sami abin da zai tare wutar ya ajiye ta har su haɗu. Batura ke nan, manya, da inbata mai ƙarfi da za ta juya wutarsu ta zama irin ta gida. Da ya faɗi kuɗin sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na miƙe na ce masa ɓarawo ne mai sukundireba, na ce ya ga baƙauye ya samu. Bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Allah Ya kiyaye hanya."

Na sami wani a nan gari wanda duk abin da na ce sai ya ce, "Haka ne, Oga." Na ce siririyar waya ta isa, haka ne. Na ce ba sai an binne ƙarfe a ƙasa ba, haka ne. Ya kawo mini batura da rabin kuɗi, suna ƙyalli. Ashe tsofaffi ne aka wanke aka yi musu fenti. Kafin damina ta sauka sun kumbura kamar cikin jakin da ya mutu, shi kuma ya kashe wayarsa ya bar gari. Haka na koma wajen Bukar kaina a ƙasa. Yana ganina ya matsa mini benci ya ce, "Malam Sale, littafin ya ƙare?"

Ban yi nadamar karatuna ba, kada ka ɗauka haka. Ba don shi ba da har yau ina yi wa gidan mai bauta. Amma mai karatu shi kaɗai ba shi da wanda zai ce masa nan ka kauce, sai ya riƙa jin shafi biyun da ya sani su ne littafin. Kai ga shi za ka inda malamai suke, abin da ni ban samu ba. Wanda ya tsayar da kai ya yi maka tambayar da ta ƙona ka, ka koma wajensa gobe. Wanda kuwa kullum yake ce maka haka ne, ka dafe aljihunka.

Yanzu bari in gaya maka abin da cajar ta ci, don na ji ana ta yi mini lissafi a majalisa, kowa da nasa. Akwatin da kake gani a bangon zaure, mai ɗan koren haske, wanda yara suke zuwa kallo, shi ne mafi arha a cikin kayan. Kuɗin ragon layya mai kyau ya saye shi. Wayar da ta haɗa shi da batura kaurinta ya kai babban yatsa, kuma da gaba-gaba ake sayar da ita, kowace gaba sai ka ji a ƙirjinka. Aka sa abin da ke katse wuta in ta yi yawa. Aka haƙa rami aka binne ƙarfe, atin suke ce masa, shi ke janye wutar da ta ɓace zuwa ƙasa don kada ta kama mutum. Yashinmu busasshe ne ba ya ja, sai da aka zuba gishiri da gawayi, kuma da rani sai an riƙa ba shi ruwa kamar dashen mangwaro. Bukar ya hau rufi ya sauko ya ce katakon gara ta cinye, ba zai ɗauki faranta ba, sai an sake. Aka sake. Ga kuɗin motar da ta ɗauko kaya daga Kano, ga na aiki, ga abincin ma'aikata. Duk wannan wasa ne a kan batura da inbata. Su ne suka ci gonar barkonon da na saya a fadamar Katuzu.

Ka san gonar. Ita na ce ta karatunka ce. Na sayar da ita ba tare da na ce maka uffan ba, kuma a bakin mutane ka ji. A nan kana da gaskiya, ba ni da ta cewa. Na yi lissafin mota za ta mayar da gona kafin ka gama sakandare, kuma wallahi da ta mayar, don watannin farko abin da nake shigowa da shi ban taɓa riƙe irinsa ba. Direbobi na kuka da mai, ni ina wucewa shiru kamar iska. Ummanka ta fara sa nama a miya ba sai ran Juma'a ba.

Ranar da aka gama aikin, Bukar yana naɗe wayoyinsa ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce, "Wannan rufin na waye?"

Na ce, "Na ubanmu."

"An raba?"

"Ba a raba ba."

Ya ce, "To ka ji. Wutar nan na auna ta daidai cikin motarka, da ɗan ragowa kaɗan. Randa ce. Abin da rana ta zuba, shi za a ɗiba. In wani ya sa moɗa, daga rabon mota ya ɗiba."

Na ce masa gidanmu ba a haka. Ya ɗauki jakarsa.

Wayar farko ni na ja ta da hannuna, zuwa ɗakin Inna, kakarka, don fanka. Wannan ragowar ta isa, kuma ko ba ta isa ba zan ja. Ba a yi sati ba Hajiya ta tare ni a tsakar gida tana dariya, ka san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta.

"Mijina na kaina, amaryarka tana kwana a duhu kai kana ciyar da ƙarfe? Ƙwai ɗaya tak, don Allah."

Na ce, "Ƙwai ɗaya ai ba komai."

Ƙwai ya haifi fanka. Fanka ta haifi talabijin. Ɗakunan matan ƙannenmu suka ce su ma 'yan gida ne. Maƙwabci ya turo a ɗan sa masa wayoyin hannu a caji, daga baya ya turo waya mai tsawo ta kan katanga. Yaya Alhaji ya sayar da janaretonsa, ya ce hayaƙi na damun Inna. Da azumi ya matso Hajiya ta sayo firiza, ta fara sayar da ƙanƙara.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne na ji daɗi. Ni ne ƙanin da bai yi boko ba, bai yi kasuwa ba, direban da ake aika ya ɗauko baƙi ranar biki. Rana ɗaya sai ga Yaya Alhaji yana ce mini Injiniya a gaban abokansa. Ana ajiye mini cinyar kaza. In na shigo yara su taso da gudu. Da wannan aka saye ni, ba da ƙarfi ba. Kullum da asuba in duba motar in ga cikinta bai cika ba, in fito tsakar gida a ce, "Injiniya, an tashi lafiya?" in ce lafiya lau. Kara muke ce masa, muna alfahari da shi. Ni dai na ga karar da ake yi da abin da ba a da shi, ƙarshenta ba daɗi.

Ranar kasuwar Gashuwa ce, cikin bazara, azumi a bakin kowa. Na ɗauki mata biyu da kayansu, da wani dattijo da ɗansa zai kai shi asibiti. Na ga cajin bai kai ba, na ce zan lallaɓa. Mun wuce Jajimaji kaɗan sai motar ta fara ja da baya kamar mai jin barci, ta tsaya cak. Motar mai in manta ya ƙare a ɗauki galan a hau babur. Ni me zan ɗauka? Rana ga ta nan tana dukan mu, ita ce abincin motar, amma ba cokali.

Abokan aikina suna wucewa suna danna ham. Wani ya rage gudu ya leƙo, "Sale! Ga cajar wayata, ko za ta shiga?" Wani ya ce, "A shanya ta mana, ƙila ta farfaɗo!" Dattijon nan yana kwance a gindin wata ƙaya da ba ta da inuwar kirki, ɗansa yana yi masa fifita da hula, yana kallona. Da ƙyar na tsayar da wata motar na biya musu suka wuce. Matan suka karɓi kuɗinsu suka ɗora mini da addu'ar da ba zan rubuta ba. Wani Bafulatani mai amalanke ne ya ɗaure motata a bayan shanunsa ya ja mu zuwa gari. Muna tafe ya waiwayo ya ce, "Ita wannan ko ciyawa ba ta ci?" Ba ba'a yake ba, tambaya yake da gaske, shi ya sa ta fi ciwo.

Daga baya da Bukar ya duba baturan gida ya ce ana tatse su har ƙasa kullum, in aka ƙara wata bazarar a haka sun tafi. Wato gonar Katuzu ta tafi a banza. A tasha kuma fasinja ya ga motata ya ce zai jira ta gaba.

Ranar da motar ta tsaya, na shigo gida da la'asar, ƙafata duk ƙura, bakina ya bushe. Me zan gani? Layin yara tun daga zaure har ƙofar Hajiya, kowa da kuɗinsa a hannu, firiza tana gurnani. A ɗaya ɗakin an soka dutsen guga ana goge kayan sallah. Ban yi sallama ba. Na ɗauko filaya na hau kan turmi, duk wayar da ta fito daga ɗakin batura na datse ta. Gidan ya yi tsit. Kana tsaye a bakin rijiya, na gan ka.

Yaya Alhaji ya fito yana gyara hula. "Sale, lafiyarka kuwa? Da azumi a bakinka?"

Na ce, "Azumin ne ya hana ni yin abin da ya fi haka."

"Saboda wuta? Wutar da Allah Ya saukar kyauta daga sama?"

Na ce, "Kyauta? Hau saman ka ɗebo taka! Ka sayar da janareto ka zuba kuɗin a aljihu, matarka tana sayar da gonar ɗana ƙulli-ƙulli a leda, kana ce mini Injiniya. Ɓarawon zaune kawai, mai carbi!"

Yanke wayar ban yi nadamarsa ba, ko yau aka mayar zan sake. Amma kalmar nan ta ƙarshe, a gaban matarsa da 'ya'yansa da kai, ita ce ta mayar da maganar wuta maganar mutunci, kuma mutunci ba a gyara shi da filaya. Da tun ranar ƙwai ɗaya na yi dariya na ce wa Hajiya, "Amarya, randar ba ta kai ba," da ta yi fushin yini ɗaya ta huce. Na kasa faɗin a'a ƙarama da murmushi, sai da ta taru ta zama babba ta fito da zagi. A ɗakin kwanan ɗalibai za ka gamu da irin wannan tun makon farko: garinka, sabulunka, risho, kuɗin motarka. Ka bayar, ban haife ka don rowa ba. Amma ka ba da abin da za ka iya ci gaba da bayarwa, abin da ba za ka iya ba kuwa ka faɗa tun ran farko, fuska a sake. Mai jin haushin a'a ta gaskiya dama ba kai yake so ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A cikin wayoyin da na datse har da ta Inna. Ban lura ba, idona ya rufe. Ita kuma ba ta aiko ba. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, ina fita da asuba in dawo in shige ɗaki, ko gaishe ta ban je ba don kada ta yi mini faɗa. Da na je, da azahar ne, zafin nan da ke sa kwano ƙara. Na same ta a ƙasa kan tabarma, ta jiƙa zane ta ɗora a ka, mafici a hannu, fanka a tsaye a kanta ba motsi. Na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Salihu, motar ta ƙoshi?"

Ita ke nan maganar da ta yi. Na gwammace ta mare ni. Kafin la'asar na mayar da wayarta. Abba, fushi gadonka ne, na gan shi a idonka tun kana ƙarami, irin nawa ne sak. Ban ce ka kashe shi ba, don wani lokacin shi kaɗai ke tsayar da mutum da ƙafarsa. Amma in ya taso, kafin ka datse, ka bi kowace waya da ido ka ga ɗakin da ta nufa.

Kada ka ce ban nemi sulhu ba. Bayan sallah na je har shagon Yaya, na cire takalmi, na ba shi haƙuri a kan zagin. Na ce ga shawara: kowane ɗaki ya kawo abin da zai iya, a ƙaro faranta da batura, Bukar ya raba layi biyu, na gida daban na mota daban, ni zan riƙa kula da su ba ko sisi. Ya ce, "Ni zan sayi wuta a gidan ubana?" Na ce ni ai na saya. Ya ce wannan ni ta shafa. Sai ga shi ya kira ka ya yi maka alkawarin jami'a, ya ɗaura sharaɗinsa a jiki. Da ya ga ban motsa ba ya tara ƙannenmu, aka aiko mini cewa rufi na magada ne, ko a ci wutar tare ko in sauke kayana.

A kan rufin suna da gaskiya, ka ji na faɗa. Na kafa dukiyata a kan abin da ba nawa ni kaɗai ba, ba shaida, ba magana, don ina ganin tsakanin 'yan'uwa neman shaida cin fuska ne. Duk abin da za ka gina, ka fara sanin ƙasar ta waye, kuma ku yi maganar tun ana dariya.

Amma kai, kai ba rufi ba ne. Ba a gaje ka tare da ni ba. Ka yi tunani da kyau a kan abin da aka miƙo maka. In na mayar da waya, baturan ba za su ga wata bazarar ba. In sun mutu mota ta mutu, ba ni da wata gonar. Daga nan ni da Ummanka da ƙannenka mun koma cin hannun Baffanka, kai kuma kowane zango sai ka je shago ka durƙusa ka jira ya gama da masu saye. Ran da na yi tarin da bai yi masa ba, kuɗin makarantarka ya makara. Mutumin da ya iya ɗaura sharaɗi a karatun yaro sau ɗaya zai iya sau goma. Ban ce mugu ba ne. Shi ya yanka ragon sunanka lokacin ba ni da ko kaza, ya goya ka a wuya zuwa idi. Ya saba ne kawai komai na gidan nan ta hannunsa yake bi, ganin abu ɗaya da ba ya bi ta nan shi ke hana shi barci. Rigimata da shi tawa ce, ban ba ka gadonta ba. Ka gaishe shi, ka durƙusa masa, in ya ba ka kyauta ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya. In ka ga igiya a jikinta, ka ajiye masa cikin ladabi ka taso.

Ga inda aka tsaya. Kuɗin zangon farko na biya, daga abin da motar ta tara tun da ta koma cin rabonta ita kaɗai. Baffanka ya yi maka alkawarin shekara huɗu. Ni ba zan yi maka ƙarya ba, zango-zango nawa alkawarin yake, kuma wani zangon za ka ji shi a cikinka. Takalmin da ka nuna wa Ummanka ba bana ba. In ka ga abokanka suna cin shinkafa da kifi a bakin ƙofar makaranta, kai ka jiƙa garinka, kada ka sunkuyar da kai, ba na kowa ba ne.

Kayana kuwa zan sauke. Na kama ɗaki biyu a bayan layin dogo, gidan wata tsohuwa, kuma wannan karon sai da aka kira mai unguwa da liman suka ji da kunnensu cewa abin da na kafa nawa ne, ran da zan tashi da shi zan tashi. Bukar zai zo da yaransa bayan Juma'a. Sabuwar waya, sabon rami, sabon gishiri da gawayi, ga katanga da sai na ƙara mata tsawo. Karo na uku ke nan ina biyan kuɗin kafa caja ɗaya. Da na gaya masa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in na yi na huɗu kyauta zai yi mini. Faranti ɗaya da ƙaramin batir za su zauna a kan ɗakin Inna, da sunanta, a gaban kowa. Na gaya mata za mu tashi. Ta ce in riƙa zuwa cin tuwon Juma'a, kuma in bar bakina a mota in zan shigo.

A gidan nan aka haife ni, a nan aka wanke ubana. Kada ka ɗauka fita daga cikinsa da sauƙi nake yi. Za a ce na yanke zumunci saboda ƙarfe, an ma fara. Su faɗa. Ban zaɓi mota a kanka ba, Abba. Na zaɓi in zama ni ne mai biya maka, ko da kaɗan-kaɗan ne, ko da a makare, ba tare da wani ya riƙe wuyanka don ya juya ni ba.

In kun sami hutu ka fara sauka a babban gida. Ka gaida Inna, ka gaida Baffanka da Hajiya, ka ci abin da aka ba ka. Sa'annan ka tsallaka layin dogo ka tambayi gidan Sale mai motar caji. Ba wanda bai sani ba, ai sun sha dariya.

Ka riƙe sallah a kan lokaci. Ka kira Ummanka, ita ba ta iya fushi irin nawa ba, kuka take yi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga zazzaɓin bakin kogi da idon mahassada, Ya sa ka fi ni ilimi, ka fi ni haƙuri, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Salihu.